Ranar da Ba a Cin Burodi

Kwana uku alkama na jiƙe a kwano
ƙarƙashin tagar da rabonta da rana tun Nuwamba.
Ina sauya mata ruwa safe da dare
kamar mai jinyar tsoho.
Göteborg ke nan. Ƙarfe uku na yamma
duhu ya riga ya shimfiɗa tabarmarsa.

A Palermo, sha uku ga Disamba,
uwata Nunziata kan ɗaure bakin buhun fulawa,
ta juya wa taliya baya.
Takan ce an yi wata yunwa, har kare ya daina haushi,
sai ga jirgi a gaɓar teku, cikinsa alkama.
Wanda ciki ke kira ba ya jiran dutsen niƙa:
tsabarta suka dafa, suka ci da hannu.
Shi ya sa ranar Lusiya ba ma taɓa abin da aka niƙa.

Shekara tara ina gyaran birkin taragu a nan.
Na iya gaisuwarsu, gajeriya kamar wutsiyar akuya.
Na iya barin taku biyu tsakanina da mutum a tashar bas.
Ba a faɗo wa kowa gida;
sai an rubuta sunanka a kalanda
kafin ka sha kofi ɗaya.

Amma yau ɗakina ya cika.
Agatino, mutumin Catania, ya zo da kaskon suya
da tsohuwar gardamarsa:
dunƙulen shinkafar nan arancino ne, namiji,
mai tsini kamar dutsen garinsu.
Na ce arancina ce, mace, mulmulalliya kamar lemu.
Sau tara muna wannan shari'a a kicin ɗin nan,
ba wanda ya taɓa ci, sai dai mu cinye.

Rosalba ta tace cuku, tana tsaki.
Na tumaki ake so; wannan na kanti ne,
fari fat, bai san ƙamshin kowace ciyawa ba.
Ta zuba kirfa da ɓawon lemu mai sukari
wanda goggona Tindara ta aiko cikin safa.

Sai aka ƙwanƙwasa.

Gunnel ce, tsohuwar saman bene,
wadda shekara shida kai kawai take gyaɗa mini.
Jikarta a baya, sanye da fari, kyandirori a ka.
Faranti a hannunta, burodi rawaya, ya sha za'afaran,
kowanne a naɗe kamar kyanwa mai barci.
Ta ce, "Yau Lusiya ce,"
kamar mai sanar da ni sunan uwata.

Ashe 'yar tsibirinmu ta riga ni zuwa,
ta koyi yarensu, ta saba da sanyi.

Mai ya yi shiru a kasko.
Agatino ya zuba mini ido.
Mayar da kyauta cin fuska ne,
cinta kuma kwance igiyar buhun uwata.

Na karɓa da hannu biyu, na ɗora kan firji.
Da gurguwar Suwidanci na ba ta labarin jirgin,
na ɓata kalmar yunwa, Rosalba ta gyara.
Gunnel ta cire takalmi. Ta zauna.
Ta kai cokalin alkama baki, ta daɗe tana tauna.
Ta ce kakanta ma ya san wani jirgi,
a tafkin Vänern, shekarar da aka ci ɓawon itace.

Jikar ta yi barci a kan rigunan sanyi.
Mu muka zauna gadin agogo.
Sha biyu ta gota da minti ɗaya,
na sauko da farantin.
Burodin ya ɗan bushe.
Gunnel ta ce haka yake, sai an tsoma a kofi.